Bindigar da Baba Ya Saya da Akuyarmu

Jikokina sun sha tambayata wa ya yi mini wannan aika-aika a fuska, tsaga uku a kowane kunci. Da Larabci suke tambaya, don Hausarsu ba ta wuce ta neman abinci ba. Nakan ce musu wata ƙaramar bindiga ce ta jawo, sai su kwashe da dariya su ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Ban ruɗe ba, kuma tunda ba su da haƙurin zama su ji, bari in rubuta.

Babana mutumin ƙasar Kano ne, daga wani ƙauye da bai taɓa gajiya da ba mu labarin kukokinsa ba. Da ƙafa ya taho, yana tafe yana tsayawa aikin auduga a Sudan. A can ya auri Inna, suka tsallako teku tare. Niyyarsa ya sauke farali ya juya gida. Guzuri ya ƙare, ni kuma na iso duniya, sai ya nemi sanda da garwa biyu ya shiga sayar da ruwa. Tun asuba yake zuwa wurin ɗiban ruwa, ya rataya garwa ɗaya gaba ɗaya baya, ya hau benayen masu hali yana juye musu a randa. Kowace shekara in alhazai suka fara ɗaure kaya sai ya ce mu ma baɗi. Yana da takalman fata sababbi ful da ya saya musamman don hanyar komawa, ya naɗe su a tsumma ya soke a rufin bukkarmu ta unguwar Misfala a Makka. Shi kuwa haka yake taka duwatsun Makka ba takalmi, tafin ƙafarsa duk faso.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce mai suyar gyaɗa, kowa Iya yake ce mata. Bahaushiya ce, amma a Makka aka haifi uwarta ma, kuma tana da baki, in ta fara faɗa har karnukan unguwa shiru suke yi. A kumatunta akwai tsaga uku uku. Al'adar mutanen garin ce a da: in an haifi yaro aka yi arba'in, sai a kira wanzami ya yi masa wannan tsaga, duk wanda ya gan shi ya san ɗan Makka ne. A lokacin ana sayar da mutane, ba a ɓoye ba, kuma 'ya'yan baƙar fata irinmu su suka fi saurin ɓacewa. An ce mai tsagar gari ba ya sayuwa, domin duk inda aka kai shi fuskarsa za ta tona asirin wanda ya kawo shi. Da na yi arba'in Iya ta zo da maganar. Baba ya ce a'a. Ya ce 'yarsa Bakanuwa ce, ba zai kai ta gaban danginsa da fuskar wasu mutane ba.

Haka na taso kumatuna sumul, har na kai shekarun da ake aikena. Sai wata rana bayan aikin hajji, ƙawata da muke wasan 'yar tsana tare, 'yar wani mai wanki, aka aike ta sayen burodi ba ta dawo ba. An neme ta ko'ina. Uwarta ta yi ta bin ayarin raƙuma tana leƙa fuskokin yara har muryarta ta dishe. Daga baya wani ya ce ya ga mai kama da ita a hanyar gabas, wani ya ce a Jidda. Har yau ban san inda take ba, kuma har yau in na ji ƙamshin burodi mai zafi takan faɗo mini a rai.

Iya ta sake zuwa. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, ka bari a yi wa yarinyar nan tsaga. Zafin yini ɗaya ne."

Baba ya ce, "Iya, baɗi muna gida in Allah ya so."

Ta ce, "Tun tana cikin zani nake jin baɗin nan naka."

Baba bai yarda ba. Amma daga ranar ya daina barina a gida. Duk inda za shi ina biye, riƙe da gefen taguwarsa, daga wurin ruwa zuwa benaye, daga benaye zuwa kasuwa. Shi ya sa ranar da ya je sayen bindiga ma da ni aka je, da ni da akuyarmu mai ba mu nono. Inna ta biyo mu har bakin lungu tana tambaya ina za a kai mata akuya, ya ce mata za ta gani.

Mai bindigar wani tsoho ne Babarbare da ya yi wa Turkawa soja tun suna riƙe da ƙasar, a lokacin kuma ya koma sayar da gawayi a bayan gari. Hukuma ta riga ta hana kowa yawo da makami a cikin gari, wanda aka kama kuwa sai dai iyalinsa su ji labari. Don haka sai da tsohon ya leƙa hagu da dama, ya shigar da mu can ƙuryar rumfa, sannan ya zaro ƙunshi daga ƙarƙashin buhunan gawayi. Ya shimfiɗa bindigogi uku a kan tabarma.

Idon Baba a kan babbar ya fara sauka, wata baƙar libarba mai dogon baki irin ta hafsoshin Turkawa. Ya ɗaga ta yana jinjinawa, fuskarsa ta yi haske. Tsohon ya ce, "Soke ta a ƙugu, ka sauke riga." Baba ya yi. Tsohon ya ce, "To, yi ruku'u." Baba ya sunkuya, sai ga gindin bindigar ya turo taguwa ta baya, ko makaho ya shafa ya san mene ne. Ni na fara dariya, tsohon ya taya ni.

Ya ce, "Wannan ta mai doki ce da alkyabba. Kai me kake sawa?"

Baba ya ce, "Abin da ka gani."

"Riga ɗaya, ita ma kullum a jiƙe. Jiƙaƙƙiyar riga ba ta rufa wa kowa asiri. Ajiye ta."

Ta biyun 'yar mitsitsiya ce mai ƙyalli, tana ɓacewa a tafin hannu. Baba ya ce to wannan ai ko a hammata ta ɓuya. Tsohon ya ce ta ɓuya kam, sai dai tana da zuciya, ƙura kaɗan in ta shige ta sai ta ƙi tashi, kuma harsashinta ba a samunsa sai wajen matuƙan jirgin ruwa. Ya sa Baba ya zura yatsa wajen kunamar. Yatsan mai ɗaukar ruwa ne, kauri gare shi da kanta, ya ƙi shiga sai da ƙyar. Tsohon ya karɓe abarsa ya ce a bar wa masu hannun alƙalami.

Ta ukun ba ta da kyan gani ko kaɗan. Gajeriyar libarba ce, fentinta ya goge, an ɗaure mariƙinta da zare. Tsohon ya ce ita ba ta san wasa ba, in an ja ta tashi. Ya sa Baba ya ɗaura ta a kwiɓin hagu, ya ɗauko sandar gawayi ya rataya masa buhu gaba da baya, ya ce ya yi tafiyar masu ruwa. Baba ya yi ta kai da kawowa a cikin rumfa yana rangaji. Tsohon ya sa shi ya tsuguna, ya miƙe, ya yi sujada, ya ɗaga hannu kamar zai juye garwa a randa. Ni aka sa alƙalanci: in na hango ta in yi magana. Ban hango ba sai da ya ɗaga hannu sosai. Ita Baba ya zaɓa.

Kafin mu fito tsohon ya riƙe hannun Baba ya ce, "Ka taɓa harbin wani abu?"

Baba ya ce ya taɓa harbin gafiya da baka yana yaro.

Tsohon ya dube shi, sannan ya dube ni. Ya ce, "Saboda ita ne?" Baba ya ce eh. Tsohon ya ce, "To, Allah ya sa ka gaji da ɗaukarta ba ka taɓa zaro ta ba." Muka bar akuya tana cin ɓawon kankana a gindin rumfa, muka dawo.

Abin da Inna ta faɗa a ranar ba zai rubutu ba. Ta ce garin da ko tantabara ba a kora, ko ciyawa ba a tsinka, shi ne zai yi yawo da abin kashe mutum a ciki. Baba ya ce ya tambayi malami, an ce in da larura ya halatta. Ta ce malamin ne zai ba mu nono da safe?

Sauran wurin ɓoyewa. Nan Baba ya yi dabarar da ya daɗe yana alfahari da ita. Ya je wajen wani baduku ɗan ƙasarmu ya ce ya ɗinka masa guru, irin ɗamarar fatar nan mai kauri da maza ke ɗaurawa a ƙugu cike da layu. A gefen hagu aka yi aljihu daidai bindigar, aka jera layu na gaske a kai don su rufe tudun. Lissafin Baba shi ne, a ƙasar Hausa ba mai tambayar namiji abin da ke cikin gurunsa. Ko ɗan sarki ya gani sai ya kau da kai, don ba a san abin da mutum ya taka ba. Ya ɗauka ko'ina haka ne.

Ya ɗauke ta wata da watanni. Kullum da yamma sai ya juya mana baya ya zaro ta ya goge, domin gumi da ruwan garwa sun sa ta fara tsatsa. Fatar ta goge masa kwiɓi har ya yi gyambo, Inna na shafa masa man shanu tana mita. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, daɗi nake ji. In muna tafe na ɗora hannu a ƙugunsa na ji taurin ƙarfen nan, sai in ji ba abin da zai same ni a duniya.

Abu ɗaya ne na lura ya canja. Baba ya daina shiga Masallaci. Duk da fatawar malaminsa, zuciyarsa ba ta yarda ya tsaya gaban Ka'aba da bindiga a ƙugu ba, kuma ba ya iya barinta a gida muddin ina tare da shi. In aka kira salla sai ya ajiye garwa a wani lungu kusa da ƙofa, ya shimfiɗa rawaninsa, ya sa ni a gabansa inda zai riƙa ganina, ya bi liman daga waje. Mutumin da ya yi shekaru yana tafiya a ƙasa don ya ga ɗakin nan, ga shi tsakaninsa da shi bango ɗaya, yana salla a inda jakuna ke wucewa. A lokacin ban gane girman abin ba. Yanzu in na tuna sai hawaye ya zo mini.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, a kasuwar da Iya ke ajiye kaskonta. Wani jaki ya bangaji garwar gaba, ruwa ya watsu wa Baba a jiki, taguwa ta manne masa. Gurun ya fito raɗau, har layun ana ƙirgawa. A zamanin akwai wasu mutane masu gajeren wando da doguwar tsumagiya da ke zagaya kasuwa suna kora mutane salla, suna hana abin da suka ga ya saɓa wa addini. A wurinsu laya shirka ce, in suka gani a wuyan yaro ma tsinkewa suke yi. Baba ya san da su sarai, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa guru ma laya ce a idonsu ba. Ɗaya daga cikinsu ya sa tsumagiya ya taɓa ƙugun Baba.

Ya ce da Larabci, "Mene ne wannan, ya shaikh? Kwance."

Baba ya tsaya kamar an dasa shi. Larabcinsa dama na sayar da ruwa ne, ranar kuwa ko shi ya gudu. Mutumin ya zaro 'yar wuƙa ya ce zai farke layun ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, kowa ya ga ba komai a ciki sai takarda. Mutane suka fara taruwa. Aka ture ni baya, hannuna ya rabu da rigar Baba. Ina cikin ƙafafun mutane sai na ji hannu a kafaɗata. Wani mutum ne da ban sani ba, ya sunkuyo yana duban fuskata, kunci ɗaya sannan ɗayan, ya ce a hankali, "Bint min? 'Yar wa ce ke?" Wataƙila mutumin kirki ne mai son ya taimaki yarinyar da ta ɓata. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Iya ce ta fizge ni. Ta cusa ni bayan kaskonta, ta ce wa mai sayar da lemo na kusa da ita ya sa mini ido, sannan ta kutsa cikin taron tana zage-zage. Ba mai tsumagiyar ta nufa ba. Baba ta nufa. Ta rufe shi da faɗa da Larabcin 'yan gari, wanda ya fi na mai tsumagiyar kansa gogewa: ita ta gaji, tun yaushe take gaya wa wannan jahilin ɗan nata ya rabu da kayan ƙauye, ga shi ya jawo mata abin kunya a kasuwa. Tana faɗa tana kwance gurun da hannunta. Ta naɗe shi a mayafinta kafin kowa ya ji nauyinsa.

Mai tsumagiya ya ji daɗi ya samu mataimakiya. Ya nuna wutar kaskonta ya ce, "Jefa shi a nan, ya hajja, ya ƙone."

Na ga Baba ya rufe ido. Bindigar cike take da harsashi.

Iya ko gezau. Ta ce, "Haram alek, ɗana. Ayoyin Allah ne a ciki, ko da jahili ne ya rubuta. In ƙona su a wutar gyaɗa, a ƙarƙashin abin da mutane za su ci? A ruwa ake jiƙa su tawadar ta wanke, a zuba inda ƙafa ba ta takawa." Kafin ya ba da amsa ta sunkuya kan garwar baya, wadda ba ta zube ba, ta zura hannu har gwiwar hannu ta ajiye ƙunshin a ƙasa a hankali, yadda ƙarfe ba zai yi ƙara ba.

Mutumin ya ce ta yi gaskiya. Ya yi wa Baba wa'azi mai tsawo, ya ɗan tsula masa tsumagiya a baya don kada ya manta, ya wuce. Baba ya ɗauki sanda, garwa ɗaya cike ɗaya rabi, yana tafe tana rinjayarsa gefe. Iya ta bar kaskonta a hannun mai lemo ta riƙo ni muka bi shi.

A gida ba ta ɗaga murya ba, abin da ban taɓa gani ba. Ta zauna a bakin ƙofa inda ta saba, ta jawo ni gabanta, ta kama haɓata ta juya fuskata wajen Baba.

Ta ce, "Da sun tafi da kai yau, wa zai ce wannan 'yar gari ce? Wani har ya riga ya fara duba kumatunta. Tambaye ta."

Baba ya dube ni. Na gyaɗa kai.

Ya ɗora hannunsa a kan gyambon kwiɓinsa. Can ya ɗaga kai ya dubi rufin bukka, wajen da ƙunshin takalman nan yake. Sannan ya ce, "Iya, wane wanzami ne hannunsa ya fi sauƙi?"

Washegari aka yi. Jarirai ake yi wa, ni kuwa da wayona, don haka na san zafin aska sarai, kuma na yi ihun da ya tara unguwa. Inna ta kasa tsayawa, ta shige wajen Iya. Baba ne ya riƙe kaina a cinyarsa, tafin hannunsa mai kanta a goshina, yana ta ce mini saura kaɗan, 'yar Baba, saura kaɗan. Wani abu mai ɗumi yana ɗiga mini a gashi, na ɗauka jinina ne. Da aka gama na ɗaga ido na ga fuskarsa sharkaf.

Bindigar ya mayar wa tsohon mai gawayi, ba a taɓa harba ta ba ko sau ɗaya. Tsohon ya ce addu'arsa ta karɓu. Akuya kam an riga an sayar, amma ya ba mu 'yarta da ta haifa a wurinsa, Inna ta karɓa tana cewa ai ba ita ba ce. Da kumatuna suka kame, Baba ya yi wanka ya kama hannuna muka shiga Masallaci ta babbar ƙofa. Ya tsaya yana kallon Ka'aba kamar ranar ya fara ganinta, ni kuma ina jan hannunsa don ƙasa ta yi zafi.

Ko tsagar ce ta tsare ni, ko Allah ne kawai ya rufa asiri, ban isa in rabe ba. Na dai girma a garin nan, na yi aure, na ga jikoki, ba wanda ya sake dafa kafaɗata yana tambayar 'yar wa ce. Ina gode wa Iya, Allah ya ji ƙanta, duk da ta yi shekaru tana yi wa Baba gorin guru a gaban kowa. Ina gode wa tsohon da ya hana shi babbar bindiga. Amma godiyata mafi yawa ga Baba take, don na san abin da ya biya, kuma ba akuya nake nufi ba.

Kwana kaɗan bayan tsagar, na farka da asuba na ji motsi a rufin bukka. Baba ne ya sauko da ƙunshin nan. Ya warware tsumman, ya kaɗe ƙura, ya shafa wa fatar mai don ta bushe ta yi tauri. Inna tana kallonsa daga shimfiɗa. Ya zura ƙafafunsa masu faso a cikin takalman komawa Kano, ya ɗan taka ya ji, ya ce sun matse shi kaɗan amma za su saki. Sannan ya rataya garwarsa ya tafi ɗiban ruwa.